Za mu haɗa bot mai taya girki da baki a matsayin furojek, amma kan gurup ɗinmu ya rabu

Najib_CS:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah shawara nake nema. Mu biyar ne a gurup ɗinmu na furojek ɗin shekarar ƙarshe, mun tsayar da magana za mu haɗa manhaja mai taya mutum girki ta hanyar hira, wato kana kicin hannunka duk mai ko fulawa sai kawai ka yi mata magana ta karanto maka mataki na gaba, ta tuna maka gishiri nawa ne, ta riƙe maka lokaci, in wani abu ya ƙare maka ta faɗi abin da za ka sa a madadinsa. Sufabaiza ya amince da taken, simesta biyu gare mu. Inda gizo ke saƙar shi ne ni da wani muna ganin mu ɗauko ɗaya daga cikin manyan modal ɗin harshe, wato ƙirƙirarriyar basirar da aka horar da tarin rubutu har take iya hira, irin su GPT ko Llama, mu jona masa murya ya riƙa amsa komai, sauran ukun kuma sun ce a'a, mu rubuta ƙa'idojin hirar da hannunmu da wani abu kamar Rasa, manhajar tsara hirar bot, don mu san abin da bot ɗin, wato manhajar tamu mai hira, zai faɗa tun kafin ya faɗa. Wanda ya san kan abin ya taimaka mana, wanne ya fi?

kb_dev:
Wa alaikumus salam. Modal kawai ɗan'uwa, kar ku ɓata lokacinku. Mutane ba sa magana yadda ka tsara musu. Za ka rubuta "na gaba" a matsayin umarni, sai wani ya ce "to sai me kuma", wani ya ce "na gama da albasar", wani ya ce "ci gaba mana". Har ku gama digiri ba za ku gama lissafo hanyoyin da ɗan adam zai faɗi abu ɗaya ba. Modal yana gane duk waɗannan ba tare da kun koya masa ba.

Injiniya_Bash:
Najib, abin da kuke jayayya a kai yana da muhimmanci amma akwai wanda ya riga shi, kuma shi ne zai fi cin lokacinku: bot ɗin ya san inda mai girkin yake. Hirar girki tana iya kai awa guda, mutum ya yi shiru na minti 20 yana yanka nama, sai ya ɗago ya ce "nawa ka ce?" Nawa na me? Dole bot ya san ana mataki na huɗu, abin da aka ambata na ƙarshe tafarnuwa ce, kuma tun farko mutumin ya ce na mutum shida zai dafa alhali a rubuce na mutum huɗu ne, saboda haka amsar ba wadda ke cikin takardar ba ce. Ga agogo biyu suna tafiya, ɗaya na shinkafa ɗaya na abin da ke cikin oben. Ga shi ɗazu ya ce ba shi da bota ya sa mai, to a mataki na bakwai kar a sake ce masa ya narkar da bota.

Duk wannan ku ajiye shi a cikin kod ɗinku, wato umarnin kwamfutar da kuke rubutawa da kanku, a tsari bayyananne da za ku iya buɗewa ku duba: wane girki, mataki na nawa, na mutum nawa, me aka musanya, waɗanne agogo ke aiki, me mutumin ya ce jikinsa ba ya ɗauka. In kuka bar wa modal ya riƙe shi a cikin tarihin hira, hira na yin tsawo zai fara tsallake mataki ko ya canza muku adadi, kuma ba za ku san lokacin da ya yi ba. Ni abin da nake yi a irin wannan aikin, modal ya fassara min maganar mutum zuwa niyya guda, misali "koma baya", "maimaita adadi", "kunna agogo", sannan kod ɗina ya yanke abin da za a yi, lambobi kuma daga rumbun bayanai suke fitowa kai tsaye. To ka ga kai da 'yan gurup ɗinka kowa ya riƙe wani ɓangare na gaskiyar.

Abbakar09:
Ni gaskiya ban ga amfanin abin ba. YouTube na nan cike da bidiyon girki, kana gani da idonka ma. Me zai sa in tsaya ina hira da waya?

UmmuHanan:
@Abbakar09 da alama ba ka cika shiga kicin ba ƙanena. Bidiyo ba ya jiranka. Shi ya gama a minti takwas, kai kana kan fere dankali, sai ka wanke hannu ka tsayar, ka koma baya, ka wuce wajen, hannu da mai sikirin ma ba ya jin taɓawar. Ni ina koyar da girki, kuma abin da na fi gani ga masu koyo shi ne ba sa buƙatar a sake nuna musu komai, abu ɗaya suke so a tuna musu a daidai lokacin da tukunya ke kan wuta.

Najib ga nawa gudummawar tunda ni ba na kwamfuta ba ce. Kar bot ɗinku ya karanto dogon mataki a numfashi ɗaya. Masu rubuta hanyar girki sukan cusa aiki uku ko huɗu a jimla ɗaya, "ki soya albasa ki zuba tafarnuwa da tumatir ki rage wuta ki rufe", a ido ba matsala amma a kunne kafin a kai ƙarshe an manta farkon. Ku yanka su ƙanana. Na biyu, kafin a kunna wuta ya fara lissafo kayan haɗi ya tambaya ko akwai su duka, ya kuma yi gargaɗin abin da ke buƙatar a fara shi da wuri, kamar ɗumama oben ko jiƙa wake ko fito da nama daga firiza. Babu abin da ke karya gwiwar mai koyo kamar ya kai mataki na shida a ce masa "saka a oben ɗin da ka riga ka ɗumama" alhali ba wanda ya ce ya kunna. Na uku, girki ba da agogo kaɗai ake yinsa ba, wutar kowa daban tukunyar kowa daban, in ya ce minti biyar ya ƙara da alamar da za a gani, albasa ta yi laushi ta fara yin ja a gefe.

Najib_CS:
Anti na gode sosai wallahi, maganar ɗumama oben ɗin nan babu wanda ya kawo ta a cikinmu. Injiniya, in na fahimce ka kana nufin a haɗa biyun kenan?

Injiniya_Bash:
Eh, amma ku san iyakar kowanne tun farko ku rubuta ta a takarda.

MalamaZee:
Ina duba furojek ɗin ɗalibai, bari in faɗa muku abin da zan ce da nawa ne. Kar ku rubuta kod ko layi ɗaya tukuna. Akwai wata tsohuwar dabara da masu binciken hulɗar mutum da kwamfuta ke kira Wizard of Oz, wani mai bincike John Kelley ne ya raɗa mata sunan a farkon shekarun 1980. Yadda ake yi, ɗaya daga cikinku ya zauna a wani ɗakin ya zama shi ne bot ɗin, mai girki yana kicin yana magana da waya, shi kuma yana amsawa ta rubutu ana karantowa da muryar na'ura. Ku yi wa mutane daban daban, wanda ya iya girki da wanda bai taɓa dafa ƙwai ba, ku naɗi komai da izininsu. Abin da za ku ji shi zai raba muku gardamar nan, don za ku ga da idonku kashi nawa na maganar umarni ne gajeru da ake ta maimaitawa, kashi nawa kuma tambayoyi ne da ba ku taɓa zato ba.

Sannan ku je ku karanta rahotannin gasar Alexa Prize TaskBot da Amazon ta fara a 2021. Ainihin aikinku ne aka ba ƙungiyoyin ɗaliban jami'o'i, su gina bot da zai raka mutum girki da 'yan gyare-gyaren gida, da bayanai daga kantin abinci na Whole Foods Market da kuma shafin koyar da yin abubuwa na wikiHow. A zagayen farko a 2022 Jami'ar Glasgow ta Sukotilan ce ta zo ta ɗaya da GRILLBot ta ɗauki dala 500,000, ƙungiyar TWIZ ta Jami'ar NOVA a Fotugal ta zo ta biyu, TacoBot na Ohio State na uku. A zagaye na biyu a 2023 TWIZ ce ta ci. Kowace ƙungiya ta wallafa bayanin yadda ta gina nata kuma ana samunsu kyauta. Ku lura da yawan sassan da kowane bot ke da su, ɗaya na neman girki, ɗaya na gane niyya, ɗaya na amsa tambaya, ɗaya na tace maganar da ke da haɗari. Waɗannan fa da yawansu masu digiri na biyu da na uku ne ga tallafin kamfani, ku kuwa simesta biyu gare ku da sauran kwasa-kwasai a kanku, don haka ku taƙaita. Girki 20 ko 30 da kuka tsabtace da hannunku kuka gwada a tukunya sun fi min miliyan da ba wanda ya duba.

Safiyya_NLP:
Ina goyon bayan Malama. Kuma ba wanda ya taɓo murya har yanzu, alhali nan ne demo ɗin mutane da yawa ke faɗuwa. Kicin wuri ne mai hayaniya, mai na soyuwa, famfo na zuba, bilenda, fankar zuƙe hayaƙi, yara, ga wayar an ajiye ta nesa da wuta. In za ku yi amfani da Whisper, modal ɗin kamfanin OpenAI mai mayar da murya rubutu, wanda ya fito a 2022 aka horar da shi da sauti na awa 680,000, yana da juriya da hayaniya amma yana da wani hali sananne, in aka ba shi shiru ko ƙara zalla yakan ƙirƙiro jimlar da ba wanda ya faɗa. Ka yi tunanin bilenda na aiki bot ya ji kamar an ce "na gode" ya rufe hirar. Don haka ku sa abin tantance ko akwai muryar mutum kafin a miƙa masa sautin. Lambobi kuma kullum ku maimaita wa mutum, in ya ce goma sha biyar ƙarshen ya ɓace a cikin ƙarar suya bot zai kunna minti goma, to ya ce "na kunna minti goma na shinkafa" don mai shi ya ji ya gyara.

Da wane yare zai yi magana ma? Ku yanke wannan da wuri, ingancin gane murya ya bambanta ƙwarai daga yare zuwa yare, kar ku ɗauka abin da kuka gani a Turanci haka zai kasance a ko'ina. Ku gwada da muryoyinku a makon farko.

Najib_CS:
Turanci za mu fara da shi saboda bayanan girkin, in lokaci ya bari mu ƙara wani. Yauwa, bayanan ma ina ake samu?

Safiyya_NLP:
Akwai Recipe1M da masu bincike a MIT suka fitar a 2017, girki kusan miliyan ɗaya da hotuna, akwai RecipeNLG na 2020 mai sama da miliyan biyu. Ku karanta sharuɗɗan amfani kafin ku sauke, don bincike aka yi su. Kuma shafukan girki da yawa suna saka bayaninsu a tsarin Recipe na schema.org, wani tsarin bai ɗaya na jera bayanai a shafukan intanet, kayan haɗi daban matakai daban lokacin dahuwa daban, ko ba ku kwaso daga can ba tsarin kansa abin koyi ne wajen zana rumbunku. Amma ku shirya, bayanan da aka kwaso daga intanet a hargitse suke, za ka ga "gishiri kaɗan", "albasa babba ɗaya", kayan haɗin da aka ambata a mataki amma babu shi a jeri. Shi ya sa maganar Malama ta girki 30 ta fi kama hankali.

ɗan_Linux:
Ku kula da haƙƙin mallaka. A dokar Amurka jerin kayan haɗi zalla ba shi da kariya, amma bayanin da marubuci ya rubuta da kalmominsa da hotunansa suna da ita, wasu ƙasashen kuma dokarsu daban. Ku rubuta matakan da kalmominku kun huta. Sannan makirufo da ke buɗe awa guda a cikin gidan mutum ba ƙaramin abu ba ne, hirar iyali duk za ta shiga. Ko dai ku sa kalmar tadawa, wadda sai an faɗe ta bot zai fara sauraro, da ake ganewa a kan wayar kanta, ko ku faɗa wa mai amfani ƙarara me ake turawa sabar intanet, wato babbar kwamfutar da ke nesa, me ake ajiyewa.

Chef_Mustee:
Ni wajen awo zan yi magana don nan ne na san masu kwamfuta ke raina aiki. Kofi ba ɗaya ba ne. Na Amurka kusan mililita 237 ne, wanda ake amfani da shi a Ostireliya da wasu ƙasashen 250. Babban cokali yawanci mililita 15 ne amma a Ostireliya 20 ne. Kuma kofi awon cika ne ba na nauyi ba, kofin fulawa wajen giram 120 zuwa 125 in ba a danna ba, kofin sukari wajen giram 200, to in wani ya ce "mayar min da kofi biyu zuwa giram" dole bot ya san kofin mene ne. Ku yi tebur na kowane kayan haɗi, kod ya yi lissafin.

Ninka girki ma haka. Mutum huɗu zuwa takwas, nama da shinkafa ka ninka ba laifi, amma lokacin gashi ba ya ninkuwa, ya danganta da kaurin abin da faɗin faranti. Ƙwai uku a raba biyu fa, me bot zai ce, ƙwai ɗaya da rabi? Sai ya iya cewa a kaɗa ɗaya a ɗebi rabinsa. Musanya kuwa ta fi duka wuya. Bekin soda da bekin fauda sunansu ya yi kama amma soda ta fi ƙarfi wajen sau uku kuma tana buƙatar abu mai tsami a cikin kwaɓin kafin ta yi aiki, in bot ya ce wa mutum ya sa wannan a madadin wancan cokali da cokali kek ɗin ya tashi aiki. Mai a madadin bota yana yi a suya, a wasu kayan gashin kuma yana canza komai. Amsar "me zan sa a madadi" ta dogara da aikin da abin ke yi a wannan girkin takamaimai.

kb_dev:
Chef duk abin da ka lissafo modal na yanzu ya san su fa. Tambaye shi bambancin soda da fauda ka ga. Kuna so yaran nan su zauna suna cika tebur da hannu kamar a 2010.

Nas_Hadiza:
Sanin abu daban, faɗinsa daidai kowane lokaci daban. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma tunda na fara karanta zaren nan abin da ke raina shi ne wannan manhaja abin da za a ci take koyarwa. Akwai abubuwan da bai kamata a bar su ga sa'a ba. Kaza sai cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Selsiyos, launi kaɗai ba ya tabbatarwa. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa, dafaffen abinci kar ya wuce awa biyu a ajiye a waje. Dafaffiyar shinkafa da ta kwana a waje tana iya ɗaukar gubar wata ƙwayar cuta Bacillus cereus, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Jan wake mai siffar ƙoda sai an tafasa shi sosai aƙalla minti 10, dahuwar wuta kaɗan kaɗan ba ta kawar da gubar da ke cikinsa. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma. In mai ya kama da wuta ba a zuba ruwa, a kashe wuta a rufe da murfi. Waɗannan ku rubuta amsarsu da hannu, wanda ya san fannin ya duba, kuma su fito kalma da kalma.

Sai alaji, wato abincin da jikin mutum ba ya ɗauka. Tarayyar Turai ta lissafa abubuwa 14 da dole a bayyana a jikin abinci, Amurka 9 tun da aka ƙara riɗi a 2023. In mutum ya ce gyaɗa ba ta karɓarsa a farkon hira, bayan minti 40 ya nemi madadin wani mai, kuskure ɗaya a nan asibiti ne. Wannan tacewar ta zama a kod, duk abin da modal ya kawo a bi ta kansa kafin a furta.

Injiniya_Bash:
@kb_dev an riga an gani ai. A 2023 wani babban kanti a New Zealand, Pak'nSave, ya fito da bot mai ba da shawarar girki daga abin da ya rage maka a gida, ya ba wa wani haɗin da ke fitar da iskar kulorin mai guba da sunan abin sha. A 2024 kuma amsoshin ƙirƙirarriyar basira na binciken Google suka ce a sa gam a miyar fiza don cukwi ya manne.

kb_dev:
A yi adalci dai, a na New Zealand ɗin mutane ne suka rubuta masa sinadaran wanke-wanke da gangan a matsayin kayan haɗi. Kuma modal ɗin 2023 ba su ne na yau ba. In ka ba shi ainihin takardar girkin a gabansa ka ce ya amsa daga ciki kawai, kuskuren yana raguwa sosai, dabarar nan ta ɗauko bayani kafin amsawa tun 2020 aka wallafa ta.

Injiniya_Bash:
Gaskiya ne da gangan suka yi, kuma ranar da su Najib za su kare furojek ɗinsu wani a cikin masu jarrabawa zai yi hakan da gangan shi ma. Maganar ba shi takardar na yarda da kai ɗari bisa ɗari, haka ya kamata tambayoyin buɗe su tafi, irin su "me ya sa ake barin kwaɓin ya huta". Inda ban yarda ba shi ne ya zama shi ke riƙe da mataki da adadi da alaji.

Rukky_codes:
Salam. Ni ɗaya ce daga cikin ukun da Najib ya ambata, shi ya turo min zaren. Ina so in ƙara dalilinmu da bai faɗa ba. Ba wai muna ƙin modal ba ne, tambayarmu ita ce in muka jona na kamfani muka rubuta masa umarni shafi ɗaya, me za mu tsaya mu kare a matsayin aikinmu? Kuma in kamfanin ya canza modal ɗin tsakiyar simesta sakamakon gwajinmu na baya ya tashi a banza. Ga jinkiri, mun gwada, daga gane murya zuwa modal zuwa karantowa sai ka ƙirga daƙiƙu kana jira, wanda tafarnuwarsa ke ƙonewa ba zai jira ba. "Na gaba" da "tsaya" da "maimaita" ya kamata su amsu nan take ba tare da sun je ko'ina ba.

MalamaZee:
Rukky tambayarki ta farko ita ce za a yi muku. Amsarta kuma tana cikin gwaji. In kuka gina iri biyu, ɗaya modal zalla ɗaya haɗaka irin ta Injiniya, kuka sa mutane suka dafa girki iri ɗaya da kowanne, kuka auna mutum nawa suka kai ƙarshe, sau nawa bot ya faɗi adadi ba daidai ba, sau nawa sai da aka taɓa waya da hannu, daƙiƙa nawa amsa ke ɗauka, to saɓanin da ke tsakaninku ya zama babin sakamako. Na modal zalla ba zai ci muku lokaci ba wajen haɗawa.

Kuma wata shawara kan aikin gurup. Kar ku raba shi kashi biyar kowa ya tafi da nasa da niyyar haɗawa a watan ƙarshe, na sha ganin yadda hakan ke ƙarewa, mai murya yana fitar da abu iri ɗaya mai hira yana jiran wani iri. A watan farko ku sa girki ɗaya tak ya tafi daga baki har kunne ko da a gurguje ne, sannan kowa ya inganta sashensa a kan abin da ke aiki. Komai a Git, manhajar da ke adana tarihin kowane gyara, kowane gyara wani ya duba kafin ya shiga. Mutum ɗaya kuma aikinsa ya zama gwaji da mutane da tsabtace bayanai, kuma kar a ɗauke shi a matsayin wanda aka ba ƙaramin aiki.

Sadiq_Haske:
Ban ga wanda ya ambaci makafi ba. Kawuna ba ya gani kuma shi ke dafa abincinsa, irin wannan manhaja su za ta fi yi wa amfani fiye da kowa. Amma in bot ya ce "har sai ya yi ja" bai taimake shi da komai ba. Shi da kunne da hanci da cokali yake ganewa, ƙarar suya ta ragu, ƙamshi ya canza, cokali ya shige dankali ba tirjiya. In kuna rubuta matakan da hannu ku ƙara alama ta biyu wadda ba ta ido ba. Kuma kar a ce "duba sikirin" a kowane wuri.

UmmuHanan:
Sadiq wannan ko masu ido zai amfana, ni ma da ƙara nake sanin ruwan tumatir ya tsotse. Wani abu kuma, dan Allah kar ya cika surutu. Na taɓa gwada wani da kafin ya faɗa min cokali nawa sai ya yaba min tambayata ya ba ni tarihin abincin. In na ce nawa, a ce cokali biyu a yi shiru. Kuma in ya fara magana na katse shi ya tsaya ya saurare ni.

Abbakar09:
To na ji dalilin Anti da na Sadiq. Amma har yanzu ina ganin a bar sikirin ɗin yana nuna matakin da manyan haruffa, wani lokacin kallo ɗaya ya fi tambaya sauri.

Safiyya_NLP:
Katsewar da Anti ta ce tana da ɗan aiki a fasahance, don makirufo yana jin muryar bot ɗin kansa daga sifika, sai an cire amsa-kuwwar kafin a gane mutum ne ke magana. Ku gwada a kan ainihin wayar da za ku yi demo da ita.

Najib_CS:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Mun yi magana a gurup, kowa ya amince mu fara da gwajin da Malama ta ce, mutum a bayan labule, kuma za mu gina iri biyun mu gwada su. Maganar lafiya da alaji da lissafin awo duk a kod. Inda har yanzu ba mu daidaita ba shi ne musanya kayan haɗi, ni ina ganin a bar wa modal sannan a tace, Rukky ta ce tebur.

Rukky_codes:
Tebur, saboda girki 30 ne kawai, kuma Chef ya riga ya nuna amsar tana canzawa daga girki zuwa girki. Abin da babu a tebur bot ya ce bai da tabbacin madadinsa a wannan girkin.

kb_dev:
Sai ya yi ta cewa bai da tabbaci har mutum ya gaji ya kashe shi. Ku ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a gwajinku, ku dawo ku faɗa mana.

Chef_Mustee:
Rukky in kun fara teburin ku turo min in duba muku ɓangaren gashi. Ku sa gurbi uku a kowane layi, abin da ake musanyawa, adadin madadin, da abin da zai canza a ɗanɗano ko laushi, don mai girki ya san abin da zai samu kafin ya zuba.